Hoton Dogo da Keke a Ka

Kafin ruwa ya cinye garinsu, Tela mace ce mai shagon kanta, da kekunan ɗinki biyu da madubi mai tsawon mutum. Sana'ar ta daɗe da danne sunanta, har ƙaninta Dogo ma Yaya Tela yake ce mata. Mijinta ya rasu ba su samu haihuwa ba, iyayensu kuma sun riga shi tafiya, saboda haka Dogo ne ɗanta, ko da yake sai ta ɗaga kai sama kafin ta ga fuskarsa in za ta yi masa faɗa. Yana da wani tabon farin gashi a gaban kai, da shi aka haife shi. Ko a tsakiyar taro, farin nan take fara hangowa.

Kogin bayan garin ya saba cika ya koma. Sai damina ta rikice. Ta yi ta jan ƙafa har shuka ta ƙone, sannan ta zo ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya. Shekarar farko ruwa ya tsaya a bakin ƙofa. Ta gaba ya shiga ɗakuna ya ci katifu. A ta ƙarshe da hantsi ya zo, ja wur, ɗauke da itatuwa da kumburarrun awaki, kuma bai zo da niyyar komawa ba.

Mutane suka taru a kan babban titi, inda ya fi tudu. Nan Tela ta tuna makullin shago yana aljihun rigar da ruwa ya tafi da ita. Dogo ya tsinci wani guntun rodi, ya naɗe ƙafar wando.

"Ina za ka?"

"Keke zan ɗauko."

"Dawo nan, ɗan banza! Keke ya fi ranka?"

"In ba keke me za mu ci, Yaya? Madubi?"

Ya faɗa ruwan. Ya ɓalle ƙofar shagon da rodin, ya ɗoro keke ɗaya a ka, ruwa iya ƙirji. Yana fitowa ya ga wata tsohuwa maƙale a kan katanga, daidai lokacin da wani jirgi mai inji ya zo wucewa da 'yan jarida a ciki. Ya ɗaga rodin yana kwarma musu ihu su juyo su ɗauke ta. Mai kyamara ya juyo, amma da kyamarar ya juyo. Jirgin ya rage gudu kaɗan, sannan ya wuce. Dogo ne ya koma ya goyo tsohuwar bayan ya sauke keken.

Manyan motoci suka kwashe su zuwa birni, hukuma ta zube su a wani tsohon siton kamfanin sabulu da ke ƙarshen wata unguwa. Gini ne dogo mai rufin kwano, da babbar ƙofar ƙarfe guda ɗaya, da ƙananan tagogi can sama kusa da rufi. Kowane iyali ya ja igiya ya rataya buhuna da zannuwa, shi ke nan an yi ɗaki. In wani ya yi tari a wancan ƙarshen, daga wannan ake yi masa sannu. Ƙanshin sabulu bai bar daɓen ba, har abinci ma sabulu-sabulu yake yi a baki. Tela ta kafa kekenta a bakin ƙofa inda haske yake, kusa da bencin Baba Mai Gadi, tsohon da ya yi gadin sabulu shekara da shekaru, yanzu ya koma gadin mutane. Dogo ya samu dako a kasuwa. Matarsa, wadda har yanzu Amarya ake kiranta don ba ta gama sanin gidan miji ba gidan ya rushe, ita ke dafa musu a bayan gini.

Ba a daɗe ba gidan talabijin ya zo. Tela ta ji labari tun safe, ta yi wanka, ta sa rigar da ta haɗa da ragowar yadi, ta kafa ɗauri tsaf. Tana da abin faɗa. Tana son ta ce kogin ya daɗe yana nuna alama ba wanda ya kula, kuma a cikin siton nan akwai malaman makaranta da kafintoci da direbobi, aiki suke nema.

'Yar jaridar yarinya ce mai fara'a da ladabi, ta gaida kowa. Amma da aka zo ɗauka sai ta taɓa hannun Tela.

"Mama, don Allah ɗan matsa gefe."

"Ni ma ruwan ya ci gidana, 'yar nan."

"Na sani, Mama. Masu kallo ne ba za su gane ba. Kin yi fes da yawa."

Aka jawo Kaka, tsohuwar nan ta kan katanga, aka zaunar da ita a inda rufi ke yoyo. Mai kyamara ya ce wa wata mata ta ɓoye wayarta, ya ce wa yara su cire takalma. Ya daɗe durƙushe a bakin kwata yana ɗaukar ƙudaje. 'Yar jaridar ta tambayi Kaka jikokinta da ruwa ya tafi da su, ta sake tambaya, ta kuma sakewa, har tsohuwar ta fashe da kuka. Sannan ta juya ga kyamara, ta kwantar da murya, ta ce waɗannan bayin Allah da sauyin yanayi ya raba da muhallansu ba su da kowa, ba su da komai.

"In sun dawo ki shafa toka, Yaya," in ji Dogo da ya ji labari. "Zan ara miki tsumman dako."

Har Amarya, da ba ta cika magana ba, sai da ta yi dariya.

Kukan Kaka dai ya yi aiki. Mutanen unguwa suka yi ta kawo barguna da tsofaffin kaya. A cikinsu akwai Maman 'Yan Biyu, mace mai jiki da surutu, wadda ta kawo kwance ta ga keke, ta koma gida ta dawo da sabon yadi. Suka saba. Takan zauna a bencin Baba Mai Gadi ta yi ta zuba, tana ba Tela labarin kowane gida a layinsu.

Watanni suka shuɗe, ba wanda ya zo ya ce ga inda za a mayar da su. Tausayi ya fara tsufa. Layin famfon unguwa ya ninka, jarkoki suka fara jawo zage-zage. Wani mai shirin rediyo na safe, wanda masu shaguna ke ƙure wa murya, ya laƙaba musu suna "ambaliya ta biyu". Ta farko, in ji shi, ta ci ƙauye, ta biyu ta zo cin birni. Yaran unguwa suka riƙe sunan, suna bin matan sito da shi har bakin famfo.

Sai aka fasa shaguna a kasuwa, jere guda, ba a kama kowa ba.

Washegari Maman 'Yan Biyu ta zo, ba ta zauna ba, ba ta amsa gaisuwar Baba Mai Gadi ba.

"Ba ni yadina."

"Ai ban haɗa hannu ba tukuna."

"Ba ni haka nan."

Tela ta dakatar da keke. "Lafiya?"

Matar ta zaro waya daga jaka, ta latsa, ta miƙo mata ba tare da ta dube ta ba. Labaran jiya ne. Murya tana ta bayani a kan fashe-fashen shaguna tun zuwan baƙin da ambaliya ta koro. A kan allon kuwa Dogo ne. Bakinsa a wage, jijiyoyin wuya a miƙe, rodi a sama, keke a ka, ga ɓallalliyar ƙofa tana lilo a bayansa. An rage gudun hoton, an kashe sautinsa, ba ka jin abin da yake faɗa. An kuma matso da shi kusa har ruwan bai fito sosai ba. Farin gashin nan yana ta ƙyalli.

Tela ta nuna keken da ke gabanta.

"Kekena ne! Ga shi nan a gabanki, a kansa nake yi miki ɗinki! Ƙofar shagona ce!"

"Ni dai abin da na gani na nuna miki. Baban 'Yan Biyu ya ce kar in ƙara tako nan."

Ta karɓi yadinta da allurai a jiki, ta fice.

Tela ta nemi gidan talabijin ɗin da tambaya. Masu gadi suka bar ta a rana har inuwa ta juya, kafin wani saurayi mai kati rataye a wuya ya fito. Ya saurare ta yana duba waya.

"Hoton ajiya ne, Mama. In ana labarin mutanenku, da shi ake rakawa. Mun ambaci sunansa?"

"Kun nuna fuskarsa."

"Amma ba mu ce shi ne ya fasa ba."

"To ku fito ku ce ba shi ba ne."

"Zan faɗa wa na sama," in ji shi, ya koma ciki.

A makon nan an sake sa hoton, aka kuma sakewa. Tela ta ce Dogo ya aske kai. Ya aske, farin ya sake tsirowa. Ta ɗinka masa hula mai zurfi, ta ce ya zauna a gida. Ya zauna kwana kaɗan yana juyi a bayan buhuna kamar ɗaurarren sa, sannan wata safiya ya ja hular har gira ya ce, "Yaya, in na ƙara yini a nan, Amarya ma sai ta fara tsorona." Ya fita.

Ranar da abin ya faru, Tela ta shiga kasuwa sayen zare da zif, ta kuma kai almakashinta a wasa mata. An gama ke nan ta jefa shi a jaka, sai ta ji ihu daga layin masu shinkafa.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Ba ta ruga ba. Kasuwa ba ta rabo da irin wannan. Sai da ta ji wani da ke gudu yana ce wa abokinsa, "Na talabijin ɗin nan ne! Mai farin gashi!"

Daga baya ta ji yadda aka fara. Wani mutum ne ya laluba aljihu bai ji wayarsa ba, daidai lokacin da Dogo ya ɗaga buhu hularsa ta faɗi.

Ta iske da'irar mutane, na baya sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka. Ta kutsa da kai da gwiwar hannu. Dogo yana durƙushe, an yage rigarsa, an zazzage aljihunsa, ba komai sai tsohon tsumman gammo.

"Ku caje ni," yake cewa, jini na bin haɓarsa. "Don Allah ku caje ni."

"Ya miƙa wa 'yan'uwansa!"

Wani ya sauke masa katako a gadon baya, katakon ya rabe biyu. Ya yunƙura zai tashi, tsawonsa ya sa na gaba suka ja baya, sai wani ya daki bayan gwiwarsa da ƙafar benci, ya sake zubewa. Daga nan kowa ya samu hannu. Takalma, gora, dutsen awo, har wata mai kayan miya ta zo da muciya. Wani dattijo da tsaftatacciyar riga ya tattare hannun riga, ya ɗauki rabin bulo da hannu biyu, ya sauke shi a gefen fuskar Dogo. Tela ta ji ƙarar ƙashin, kamar an taka busasshiyar ƙwarya.

Ta faɗa kansa, ta rufe kansa da jikinta.

"Ƙanina ne! Kekena ne ya ɗauko! Ku ji tsoron Allah!"

Duka ya sauka a bayanta, a haƙarƙarinta, a kunnenta har ta daina ji da shi. Aka fizge ɗaurinta, aka kama gashinta, aka ja ta a ƙasa, fatar gwiwarta tana salewa a kan tsakuwa. Da ta ɗago, ta ga an mirgino tsohuwar taya an zura wa Dogo a wuya. Wani saurayi mai jar singileti yana tuttula masa fetur daga jarka, daga ka har cinya. Warin ya cika wurin. Dogo bai motsa ba, yatsunsa kawai ke kankarar ƙasa. Saurayin ya ajiye jarkar, ya shafa aljihunsa na dama, ya shafa na hagu.

"Wa ke da ashana?"

Wani ya jefo masa kwali. Ya cafe.

Tela ba ta tuna lokacin da hannunta ya shiga jaka ba. Ta dai tuna nauyin almakashin, da yadda ya shige damtsen saurayin ba wuya, kamar sabon yadi. Ta zare, ta sake kafa masa a cinya. Ya kurma ihu irin na yara, ashanar ta watse, jini ya yi tsartuwa har fuskarta. Da'irar ta buɗe. Ta tsaya a kan Dogo, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kai ba ɗankwali, almakashi a sama, tana juyawa ko'ina tana wani irin gurnani da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

Da an ƙara jimawa kaɗan, da sun dawo kanta. Sai ga Mahauci, wanda Dogo ke ɗaukar wa nama daga mota kowace safiya, ya ratso taron da gatarin sara ƙashi, ma'aikatansa biyu a bayansa da wuƙaƙe.

"Wanda ya haifu ya matso," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Mutumin nan ko ƙashi bai taɓa ɓatar mini ba."

Suka cire tayar, suka kinkimi Dogo suka sa a bayan motar nama. Duwatsu suka raka su har bakin kasuwa, gilashin baya ya tarwatse a kan Tela.

A asibiti aka ce muƙamuƙi ya karye, haƙarƙari ma, idon hagu kuwa sai dai haƙuri. Tela tana zaune a benci ana ɗinke mata goshi sai ta lura nas ɗin da ke riƙe da tire tana satar kallonta, tana kallon waya. Tela ta leƙa wayar. Ita ce a ciki. Ba bulo, ba taya, ba jarka. Daga inda ta ɗaga almakashi aka fara, a inda saurayin ya faɗi aka tsaya.

Mahauci ya shigo da sauri, waya a kunne.

"Yaya, ana cewa yaron da kika soka ya mutu. Ƙarya ne, ga shi can ɗakin gaba yana zagin likita. Amma unguwa ta ɗauka. Sun nufi sito."

Amarya tana can.

Tela ta tashi da zaren ɗinki yana reto a goshinta. Mahauci ya sauke ta a bakin unguwar da la'asar, don mota ba ta iya shiga. Tun daga nesa ta ga hayaƙi, baƙi ƙirin, yana murɗawa sama.

Baba Mai Gadi ne, da ya hango su tafe, ya tura mata da yara ciki ya sa kwaɗo, ya tsaya a waje da 'yar sandarsa yana ba su haƙuri. Yana kiran wasunsu da sunan iyayensu, don a gabansa aka haife su. Yanzu yana kwance a gefen bencinsa, fuska a ƙasa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ba wanda ya san inda makullin ya faɗa. Samari suna cika kwalabe da fetur, suna cusa tsumma, suna kunnawa, suna jefawa ta tagogin sama. Wasu kwalaben na dawowa su fashe a jikin bango, wasu na shiga. Duk wadda ta shiga sai a yi shewa. A ciki kuwa buhuna ne da zannuwa da katifu, jere bayan jere.

Ƙofar ƙarfen tana girgiza. Ana dukanta daga ciki da wani abu mai nauyi, ana kuka, ana salati, ana kiran sunayen yara. Tela ta ruga ta kama kwaɗon, ya ƙone mata tafin hannu. Wani ya gane ta, ya yi ihu, "Ga mai almakashin!" Dutse ya same ta a kafaɗa. Kafin na biyu ya zo, ƙarfen da ke riƙe da ƙofar ya tsinke daga bango, ƙofar ta faɗo waje, mutane suka ɓarko tare da hayaƙi.

Suka fito cikin jifa. Wata mata zaninta na ci da wuta tana gudu da jariri a hannu. Wani malamin makaranta da ya fito da yara biyu a kafaɗa, aka tare shi da gora a goshi, ya zube da su. Mazan sito da suka dawo daga aiki suka ɗauki abin da suka samu, aka kaure, ba ka gane wa ke dukan wa. Wasu kuma na kutsawa ta gefen wutar suna fitowa da tukwane da barguna, irin bargunan da su da kansu suka kawo a farko.

Tela ta ga Amarya tana rarrafe a bakin ƙofa, tana jan Kaka da hannu ɗaya. Fatar ɗaya hannun ta saɓule tun daga gwiwa. Tela ta kama tsohuwar, ta ji ta saki gaba ɗaya, kai na lilo.

"Sake ta, Amarya."

"Tana numfashi, Yaya."

"Ba ta yi. Sake ta."

Sai da ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya. Suka bi jikin katanga a sunkuye. A tsakiyar layin wata ƙofa ta buɗe kaɗan, hannu mai kauri ya fito ya fizgo Amarya, ya fizgo Tela, ƙofar ta rufe. Maman 'Yan Biyu ce. Ta kawo ruwa a roba, ta tsoma hannun Amarya a ciki. Daga tsakar gidan suka ji rufin siton ya rufta, sannan jiniyar 'yan sanda, sannan hayaƙi mai sa hawaye ya biyo iska ya shigo musu.

Da safe Tela ta koma wurin. Kwanon rufi ya nannaɗe kamar takarda. Kekenta yana inda ta bar shi, katakon ya cinye, ƙarfen ya yi fari. An jera gawawwaki a gindin katanga an lulluɓe da buhuna, ƙafafun Baba Mai Gadi sun leƙo. Motar gidan talabijin tana nan, da 'yar jaridar nan mai fara'a, yau ba fara'ar. Idonta ya yi ja, da gani ta yi kuka. Mai kyamara ya raɗa mata wani abu, ta nufo Tela.

"Mama, ke ce ta kasuwa jiya? Za ki yi magana?"

"Zan yi. Amma ki bar ni in kai ƙarshe."

"Na yi alkawari."

Tela ta faɗi komai, a tsanake, ba kuka. Kogi, makulli, rodi, tsohuwar kan katanga da jirgin da ya wuce. Ta nuna ƙarfen keken. Ta faɗi zuwanta gidan talabijin, da bulo, da taya, da ashana. 'Yar jaridar tana gyaɗa kai, hawaye na zubo mata. A ƙarshe ta tambaya, "Kin yi nadamar sukar yaron?"

"Ashana ce a hannunsa, ƙanina jiƙe da fetur. Na soke shi, kuma ko yau aka maimaita zan sake."

Ba ta yi nisa da wurin ba 'yan sanda suka kama ta. Tana zaune a ƙasa a bayan kanta lokacin da aka sa labarai a ƙaramin talabijin ɗin caji ofis. Aka ce rikici ya ɓarke tsakanin mazauna unguwa da baƙin ambaliya bayan wata mata ta daɓa wa wani matashi almakashi, an yi asarar rayuka. Aka nuna hayaƙi. Sannan ga fuskarta, kumburarriya, da toka da busasshen jini, tana kallon kyamara ido cikin ido: "Na soke shi, kuma ko yau aka maimaita zan sake." Aka wuce labarin wasanni.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya leƙo ya dube ta. "Kai, Mama. Ashe ba ki da sauƙi."

'Yar jaridar ta zo kotu ranar shari'a, ta zauna a baya. Da aka fito ta matso kusa da motar gidan yari, ta ce ba ita ke yanka hoto ba, ta yi faɗa a kai har an ɗauke ta daga labarai. Tela ta dube ta ta ragar taga. Ba ta ji haushinta ba, ba ta kuma ji komai ba. Ta ce, "Allah ya kyauta," motar ta tashi.

Mahauci ya tsaya shaida, saurayin kuma ya zo da ƙafarsa yana ɗingishi, saboda haka alƙali ya sassauta, watanni ta yi. Masu dukan kasuwa da masu ƙona sito kuwa, an kama wasu, an sake su, aka ce ba a gane fuskoki ba. Waɗanda suka tsira daga siton aka watsa su wurare daban-daban. Dangin Amarya suka zo suka tafi da ita jinya, ba su ce ga ranar dawowa ba.

Ranar da aka sake ta, Dogo na tsaye a tsallaken ƙofar gidan yarin, bayansa manne da bango. Ya rame har tsawonsa ya zama abin tausayi. Fatar idon hagu ta rufe ta lotsa, bakinsa ya karkace, magana na fita ta tsakanin haƙora. Ya ce Mahauci ya ba shi aikin wanke fatu a bayan mayanka, inda ba mai shiga, da wani ɗaki da za su iya raba shi da labule. Ya ce yanzu ba ya son mutum ya tsaya a bayansa, kar ta ji haushi in ta ga yana waige.

"Kin ci abinci?"

"Ban ci ba. Kai fa, kana iya tauna?"

"Mai laushi."

"To mu je in dafa mai laushin."

Motoci na ta wucewa a babban titin, ya tsaya yana juya kai gaba ɗaya don ya ga hagu. Tela ta zagaya ta koma ta wannan ɓangaren, ta kama hannun rigarsa, ta jira hanya ta yi sarari, sannan ta ce masa ya taho.